ƘARIN DA AKE HAIHUWAR MUTUM DA SHI A WUYA DA HANYOYIN GANE SHI

1.0 GABATARWA

Kumburin wuya abu ne da ido yake gani tun daga nesa, don haka da wuya mai shi ya rasa wanda zai gaya masa sunan cutarsa da maganinta. Wani ya ce maƙoƙo ne, wani ya ce kaluluwa ce, wani kuma ya ce a kira wanzami ya tsaga. Sau da yawa akan dace, domin galibin kumburin da ke fitowa a wuyan yara na ɗan lokaci ne, yakan zo da mura ko ciwon haƙori, ya kuma tafi da tafiyarsu. To, amma akwai wani rukuni na kumburi wanda tushensa yana can tun mutum yana ɗan tayi a cikin mahaifiyarsa. Irin wannan ba ya jin shafe-shafe, kuma tsaga shi takan mayar da ƙaramin aiki ya zama babba.

Manufar wannan maƙala ita ce a bayyana wa 'yan'uwa ɗalibai da malamanmu asalin wannan rukuni na kumburi, da ire-irensa, da matakan da likita yake bi har ya bambanta shi da sauran cututtukan da suka yi kama da shi. An ɗauki ƙasar kudancin Kano, watau Bebeji da Ƙiru da Tudun Wada da Doguwa, a matsayin filin misali, saboda nisan wasu ƙauyukanta da manyan asibitoci ya sa shawarar farko da marar lafiya yake samu takan fito daga bakin dangi da maƙwabta. Wannan kuwa magana ce da ta shafi masu nazarin harshe kai tsaye, domin sunan da aka ba cuta shi ne yake nuna ƙofar da za a ƙwanƙwasa.

2.0 SUNAYEN KUMBURIN WUYA A BAKIN BAHAUSHE

Bahaushe yana da kalmomi da dama na wannan fage. Maƙoƙo shi ne kumburin da ke gaban wuya, ƙasa da zakaran wuya, wanda ya fi kama mata. Kaluluwa ita ce ƙullutun da kan taso a wuya ko hammata ko matsematsi idan akwai gyambo ko wani ciwo a kusa. Hangum yakan kumbura gefen fuska a ƙarƙashin kunne, yana kuma yaɗuwa tsakanin yara. Maruru kumburi ne mai zafi da zogi wanda kan nuna ya fitar da mugunya. Sa'an nan akwai ƙari, watau ƙullutun da ya zauna a jiki ya daɗe, sau da yawa ba tare da ciwo ba.

Idan aka lura, za a ga cewa waɗannan sunaye sun dogara ne a kan abin da ido ya gani da abin da hannu ya taɓa, watau wurin da kumburin yake, da zafinsa, da daɗewarsa. Babu ɗaya daga cikinsu da yake nuna abin da ke cikin kumburin ko inda ya samo asali. Saboda haka a wannan maƙala za a yi amfani da "jakar ruwa" a nufi ƙarin da yake da bango kewaye da shi, cikinsa kuwa ruwa ne ko majina ko wani abu mai kauri. Idan aka ce "jakar haihuwa" kuma, ana nufin wadda tushenta ya samu tun kafin a haifi mutum, ko da ba ta bayyana ba sai bayan ya girma. Wannan batu na ƙarshe yana da muhimmanci ƙwarai, domin iyaye sukan ce, "Ai lafiya lau aka haife shi." Gaskiyarsu ne. Irin yana nan a binne, lokacin tsirarsa ne bai yi ba.

3.0 YADDA JAKAR TAKE SAMUWA

Wuyan ɗan Adam ba a dunƙule yake samuwa lokaci guda ba. A mako na 4 bayan shigar ciki, wasu ƙusoshin nama sukan bayyana a jere a gefe biyu na wurin da zai zama wuya, kowane biyu da tsagi a tsakaninsu. Wani masani Bajamushe mai suna Rathke ne ya bayyana su a jikin tayin dabbobi masu shayarwa a shekarar 1825. Da yake sun yi kama da tsagogin da kifi yake numfashi da su, sai aka laƙaba musu suna daga kalmar Girkanci mai wannan ma'ana, ake ce musu "burankiyal". Daga waɗannan ƙusoshi ne muƙamuƙi da ƙananan ƙasusuwan kunne da guringuntsin maƙogwaro suke fitowa. Tsagi na farko shi ne yake zama ramin kunne. Sauran kuwa nama yakan lulluɓe su, su toshe, su ɓace. Idan wani ɓangare ya ƙi toshewa, sai ya zama ɗan ɗaki rufaffe a cikin nama, fatar da ta shimfiɗe cikinsa kuma ta ci gaba da fitar da ruwa a hankali. Jaka ta samu ke nan.

Hanya ta biyu ta shafi tayirod, watau ƙullin naman nan da ke gaban wuya wanda kumburinsa ake kira maƙoƙo. Sunansa daga kalmar Girkanci ta garkuwa ya samo asali. Abin mamaki shi ne, a gindin harshe tayirod yake fara tsira, wajen mako na 4, sa'an nan ya yi ƙaura zuwa ƙasa. Yakan bi ta jikin wani ɗan ƙashi mai siffar kofaton doki da ke tsakanin haɓa da zakaran wuya, wanda za mu kira ƙashin gindin harshe, har ya isa mazauninsa a mako na 7. A cikin wannan tafiya yakan bar wata 'yar siririyar hanya a bayansa, wadda ya kamata ta shafe kafin mako na 10. Wani masanin halittar tayi ɗan asalin ƙasar Switzerland, Wilhelm His, shi ya yi bayaninta a ƙarshen ƙarni na 19. Binciken gawarwaki ya nuna cewa kimanin mutum 7 cikin 100 suna ɗauke da ragowar wannan hanya, amma kaɗan ne daga cikinsu take zama musu jaka.

Hanya ta uku ita ce ta magudanan farin ruwan jiki, waɗanda suke kwashe ruwan da ya tsattsafo daga jini su mayar da shi cikin jijiya. Idan wani reshe nasu ya kasa haɗuwa da uwar magudana tun a ciki, ruwa yakan taru a cikinsa ya yi ɗakuna-ɗakuna kamar saƙar zuma.

4.0 IRE-IREN JAKUNKUNAN

4.1 Jakar hanyar tayirod

Wannan ita ce ta fi yawa, domin ita ce kimanin kashi 70 cikin 100 na jakunkunan haihuwa da ke wuya. Takan zauna a tsakiyar wuya daidai, ko ta ɗan karkata kaɗan, galibi dab da ƙashin gindin harshe ko ƙasa da shi. Girmanta bai cika wuce na goro ba, sumul take, ba ta kuma ciwo sai in ƙwayoyin cuta sun shige ta. Kusan rabin masu ita sukan bayyana da ita kafin su kai shekara 20, amma ana samun ta har ga dattawa. Sau da yawa mura ko ciwon maƙogwaro ne kan tayar da ita, ta kumbura ta yi ja, har a ɗauka maruru ne.

4.2 Jakar gefen wuya

Akwai wata doguwar tsoka da ta taso daga bayan kunne ta gangaro zuwa saman ƙirji, wadda takan fito fili idan mutum ya juya kansa. Jakar da ta samo asali daga tsagi na biyu a bakin gaban wannan tsoka take zama, wajen sama, ƙasa kaɗan da kusurwar muƙamuƙi. Ita ce kimanin kashi 90 cikin 100 na dukkan matsalolin tsagogin nan, kuma ta fi bayyana ga samari da 'yan mata da masu shekaru 20 zuwa 30 da 'yan kai. Wani likitan fiɗa na Ingila, Hamilton Bailey, ya kasa ta gida 4 a shekarar 1929, gwargwadon zurfin da ta yi a cikin wuya.

Wani lokaci maimakon jaka, sai a ga wata 'yar huda kamar ta allura a ƙasan wuyan jariri, tana ɗigar da ruwa mai yauƙi. Hudar nan bakin wata doguwar hanya ce wadda kan ratsa tsakanin manyan jijiyoyin jini biyu masu kai jini kai, ta ɓulla a cikin maƙogwaro a gefen beli. Wanda ya san haka ba zai yarda a zura mata tsinke ko a ƙona ta ba.

Na tsagi na farko ba su da yawa, a gaban kunne ko ƙarƙashinsa suke fitowa, kusa da jijiyar da ke motsa fuska. Na uku da na huɗu sun fi kowanne ƙaranci. Alamarsu ita ce yaro ya riƙa yin ƙurji mai mugunya a ƙasan wuya, galibi ta hagu, a yi magani ya warke, bayan 'yan watanni ya komo a wuri ɗaya. Maimaituwar ƙurji a gurbi guda ita ce take sa likita ya nemi wata ɓoyayyiyar hanya da ke shigo da ƙwayoyin cuta daga cikin maƙogwaro.

4.3 Jakar farin ruwa

Likitoci suna kiran ta "haiguroma", daga kalmar Girkanci mai nufin danshi. Fiye da rabin masu ita ana ganin ta a jikinsu tun ranar haihuwa, kuma kusan kashi 90 cikin 100 takan bayyana kafin yaro ya cika shekara 2. Ta fi son bayan doguwar tsokar nan da aka ambata, tana kuma iya kaiwa har hammata ko ƙarƙashin harshe. Laushi gare ta kamar salkar da ba a cika ba, ba ta da iyaka takamaimai. Haɗarinta shi ne takan ƙaru farat ɗaya idan jini ya zuba a cikinta ko ƙwayoyin cuta suka kama ta, har ta danne hanyar numfashi ko ta hana jariri kama nono. Idan aka hango ta tun yaro yana ciki, likita yakan bincika ko akwai wata tawaya ta ƙwayoyin halitta tare da ita.

4.4 Sauran

Akwai jakar fata, wadda kan samu sa'ad da ɗan guntun fata ya maƙale a cikin nama lokacin da gefe biyu na wuya suke haɗewa. A tsakiyar wuya take zama, cikinta kuwa wani abu ne mai kauri kamar man shanu, wani lokaci har da gashi. Akwai kuma wadda take tasowa daga wani ƙullin nama da ke gangarawa ƙirji ya taimaka wa garkuwar jikin yaro, wadda ta fi fitowa ta hagu, ga yara maza 'yan ƙasa da shekara 10. Har ila yau akwai "ranula", wadda sunanta da Latinanci yake nufin ɗan kwaɗo, saboda ta yi kama da kumburarren maƙogwaron kwaɗo. A ƙarƙashin harshe take, yawu ne ya taru a cikinta, takan kuma nutsa ta ɓullo ƙarƙashin haɓa. Galibinta daga baya ake samun ta, amma akan lissafa ta a nan domin tana rikitar da mai duba.

5.0 YADDA LIKITA YAKE GANEWA

5.1 Tambaya

Hausawa sun ce matambayi ba ya ɓata, kuma rabin aikin likita a bakin marar lafiya ko iyayensa yake samunsa. Abu na farko da zai so ya sani shi ne shekarun mai kumburin, domin abin da ake zato ga jariri dabam yake da na saurayi, na saurayi kuma dabam da na dattijo. Sai ya tambayi yaushe aka fara ganinsa, da yadda yake girma. Kumburin kwana 7 galibi na ƙwayoyin cuta ne. Wanda ya yi watanni yana ƙaruwa ba tsayawa abin tsoro ne. Wanda ya shekara da shekaru yana tashi yana saɓewa, musamman lokacin mura, ya fi kama da jakar haihuwa. Zai kuma tambayi zazzaɓi da tari da gumin dare da rama, da ko akwai mai tari a gidan, da canjin murya, da wahalar haɗiya. Tambaya ta ƙarshe ita ce ko an taɓa tsaga shi ko an yi masa sakiya. Nan ne mutane da yawa sukan ɓoye gaskiya don gudun faɗa, alhali kuwa amsar tana canza yadda za a shirya aikin fiɗa.

5.2 Duba da taɓawa

Likita yakan fara da wurin da kumburin yake, a tsakiya ne ko a gefe, a gaban doguwar tsoka ne ko a bayanta. Daga nan sai gwaje-gwaje guda uku waɗanda ba sa bukatar wutar lantarki ko tsadar kaya, kuma ma'aikacin lafiya a ƙaramin asibitin ƙauye yana iya yin su.

Na farko, a ba marar lafiya ruwa ya kurɓa, a lura da kumburin. Idan ya yi sama ya sauko tare da haɗiya, to, yana manne da maƙogwaro, watau ko maƙoƙo ne ko jakar hanyar tayirod. Na biyu, a ce ya buɗe baki ya tsayar da muƙamuƙinsa, likita ya riƙe kumburin da yatsu biyu, sa'an nan marar lafiya ya zaro harshensa waje. Idan aka ji kumburin ya fizga sama, jakar hanyar tayirod ce, domin igiyar da ta haɗa ta da gindin harshe tana nan. Maƙoƙo ba ya yin haka, jakar fata ma ba ta yi. Na uku, a shiga ɗaki mai duhu a dafa tocila a gefen kumburin. Jakar farin ruwa takan haskaka gaba ɗaya kamar fitila, saboda ruwanta garau yake, bangonta kuma siriri ne. Kaluluwa da ƙarin nama ba sa barin haske ya ratsa su.

Bayan wannan, likita zai leƙa cikin baki da maƙogwaro da kunne, ya duba fatar kai da haƙora, ya laluba hammata da matsematsi da ciki, domin sau da yawa wuya yana ba da labarin ciwon da ke wani wuri ne.

5.3 Na'urori

Gwajin farko shi ne hoton sauti, irin wanda ake yi wa masu juna biyu, wanda jama'a suke kira sikanin. Ba ya ciwo, ba ya cutar da yaro, yana kuma nuna ko kumburin ruwa ne ko nama, ɗaki ɗaya ne ko da yawa. Yana da wani amfani babba da ya wuce wannan. Akwai yaran da tayirod ɗinsu bai ƙarasa ƙaurarsa ba, ya tsaya a tsakiyar hanya, har ya yi kama da jaka. Idan aka cire shi bisa kuskure, an raba yaro da tayirod ɗinsa kaf, sai ya dogara da shan ƙwaya har iyakar rayuwarsa, in kuwa bai samu ba girmansa da kaifin basirarsa su tauye. Saboda haka ƙa'ida ce kada a taɓa kumburin tsakiyar wuya sai an tabbatar da sikanin cewa tayirod yana mazauninsa.

Idan jakar ta yi zurfi ko ta yi girma, akan nemi hoton siti-sikan ko na maganaɗisu, domin a ga iyakarta da kusancinta da jijiyoyi. Akan kuma zuƙo ɗan abin da ke ciki da siririyar allura a duba a madubin likita. Hukunci na ƙarshe dai yana hannun masu binciken nama, waɗanda ake aika wa jakar bayan an cire ta.

6.0 CUTUTTUKAN DA SUKA YI KAMA DA SU

Maƙoƙo shi ne na farko. Babban sanadinsa a da shi ne ƙarancin sinadarin aidin a abinci, abin da ya fi faruwa a ƙasashen tuddai inda ruwan sama ya wanke sinadarin daga ƙasa. An san tsaunukan Filato da wannan matsala, duwatsun Riruwai kuwa, inda aka daɗe ana haƙar kuza, dangin waɗancan ne. Nijeriya ta wajabta sanya aidin a gishiri a shekarar 1993, a 2005 kuma aka shaida ta a matsayin ƙasa ta farko a Afirka da ta cika wannan sharaɗi. Duk da haka sunan maƙoƙo ya zauna a bakin jama'a, har ya zama duk kumburin gaban wuya da shi ake kiransa. Yaron da aka ce maƙoƙo gare shi kuwa ba a cika gaggawar kai shi asibiti ba.

Na biyu shi ne tibi na kaluluwa. Ƙwayar da ke kawo tarin fuka takan sauka a kaluluwar wuya ko da mutum ba ya tari, akwai kuma 'yar'uwarta ta shanu wadda ake ɗauka ta shan madarar da ba a tafasa ba. Wannan abin lura ne a ƙasar kiwo irin ta kewayen dajin Falgore. Kaluluwar tibi takan zo da yawa, su manne da juna, daga baya su narke su zama ƙurji marar zafi wanda a hannu yake kama da jakar gefen wuya. Bambanta su wajibi ne, domin tibi da ƙwayoyi ake maganinsa na wata 6, kyauta kuma ake ba da su a asibitocin gwamnati.

Na uku, kuma mafi haɗari, shi ne ciwon daji. Ga yara akwai wanda Denis Burkitt ya bayyana a Yuganda a shekarar 1958, mai kumbura muƙamuƙi cikin 'yan makonni, wanda kuma yake jin magani idan an zo da wuri. Ga manya kuwa, likitoci suna da ƙa'ida cewa duk wanda ya haura shekara 40 ya zo da jakar ruwa a gefen wuya, a ɗauke ta a matsayin ciwon daji har sai bincike ya wanke ta. Dalili shi ne, ciwon dajin cikin maƙogwaro yakan aika reshe zuwa kaluluwar wuya, reshen ya narke ya yi ruwa, ya yi kama da jakar haihuwa sak. Ita kanta jakar hanyar tayirod, kimanin 1 cikin 100 akan tarar da ciwon daji a bangonta. Wannan shi ya sa ba a jefar da abin da aka cire sai an auna shi.

7.0 MAGANI DA ILLAR TSAGA

Wanzami yana da matsayi babba a rayuwar Bahaushe tun daga ranar suna, kuma tunaninsa game da kumburi a bayyane yake: abu ya taru, a buɗe masa ƙofa ya fita. Wannan tunani yana aiki ga maruru, domin maruru ba shi da bangon da ke haifar da mugunya. Jaka kuwa bangonta ne matattarar ruwan. Idan aka tsaga ta, ruwa ya fita, kumburi ya saɓe, kowa ya yi murna, amma bayan 'yan makonni ta sake cika. Sau da yawa bakin tsagar ba ya rufewa, sai ya zama huda mai ɗiga shekara da shekaru, tana ɓata wuyan riga, tana sa yaro jin kunya a makaranta, budurwa kuma ta riƙa naɗe wuya da gyale ko ana zafi. Bugu da ƙari, tabon da ya biyo baya yakan manne jakar da jijiyoyin da ke kewaye da ita, aikin da zai zo wa likita da sauƙi ya koma mai wuya. Ga kuma haɗarin aska a wurin da manyan jijiyoyin jini suke kwance dab da fata.

Tarihin likitancin Turai ma ya bi ta wannan hanya. Muddin jakar hanyar tayirod kaɗai ake cirewa, kusan rabin marasa lafiya sukan komo da ita. A shekarar 1893 wani Bajamushe, Schlange, ya ba da shawarar a haɗa da tsakiyar ƙashin gindin harshe. A 1920 kuma Walter Sistrunk na asibitin Mayo a Amurka ya ƙara da cewa a bi hanyar har zuwa gindin harshe a cire ta tare da naman da ke kewaye da ita. Da wannan dabara komowar cutar ta ragu zuwa kimanin 5 cikin 100, kuma har yau ita ake bi, da sunansa ake kiran ta. Cire tsakiyar ƙashin ba ya hana magana ko haɗiya.

Jakar gefen wuya ma cire ta ake yi ɗungum tare da hanyarta. Idan marar lafiya ya zo tana cikin zafi da mugunya, akan fara da maganin kashe ƙwayoyin cuta, a jira ta huce, sa'an nan a yi aiki. Jakar farin ruwa kuwa, ban da fiɗa, ana yi mata allurar da ke sa bangonta ya ƙanƙance ya manne. Likitocin Japan ne suka yi fice a nan, da maganin biliyomaisin a 1977, da kuma wani mai suna OK-432 a 1987.

8.0 HALIN DA AKE CIKI A KUDANCIN KANO

Mutumin da ke wani ƙauye a bayan Riruwai, hedikwatar ƙaramar hukumar Doguwa, in zai ga likitan kunne da hanci da maƙogwaro ko likitan fiɗar yara, sai ya ratsa dajin Falgore, ya wuce Tudun Wada, ya ɓulla Kwanar Ɗangora, sa'an nan ya zaɓi Kano ko Zariya. A Kano akwai Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, wanda aka kafa a 1988, da Asibitin Ƙwararru na Murtala Muhammad. A Zariya akwai Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika. A Kaduna kuma akwai Cibiyar Kula da Lafiyar Kunne ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1999. Tafiya ce mai cin kuɗin mota da na masauki da kwanakin aikin gona, kuma magidanci ba zai sayar da buhun masara ya kama hanya ba sai ya gamsu cewa tafiyar ta zama dole.

Saboda haka nauyin yana kan ma'aikacin lafiya na matakin farko. Ba a bukatar ya san sunan kowace jaka. Abin da ake bukata shi ne ya san wanda zai riƙe da wanda zai tura gaba. Wanda za a tura shi ne mai kumburin da ya wuce mako 3 zuwa 4 bai saɓe ba duk da magani, da mai kumburin tsakiyar wuya da ke motsi da harshe, da mai huda mai ɗiga, da mai ƙurjin da ke komowa wuri guda, da duk babban mutum mai sabon ƙari ko da ba ya ciwo. Jaririn da kumburi ya sa numfashinsa yake ƙara, ko ya kasa shan nono, ba a kwana da shi a gida.

9.0 KAMMALAWA

An ga cewa jakunkunan haihuwa na wuya sun samo asali daga hanyoyin da ya kamata su toshe tun mutum yana ɗan tayi, kuma wurin zaman kowace yana nuna tushenta. An ga kuma cewa da tambaya, da kurɓin ruwa, da zaro harshe, da hasken tocila, ana iya yin nisa wajen gane su kafin a kai ga na'ura, kuma galibinsu suna warkewa sarai idan aka cire su ɗungum ba a riga an tsaga ba.

Saura aikin da ya rataya a wuyan Sashen Hausa. Likita yana da ilmin, amma sau da yawa da Turanci ya koye shi, mai jinya kuwa da Hausa yake tunani. Ya kamata ɗalibai masu neman batun kundin digiri su shiga kasuwanni da ƙauyukan Bebeji da Ƙiru da Tudun Wada da Doguwa, su zauna da wanzamai da ungozomai, su tattara sunayen da ake ba kumburin wuya da ma'anar kowanne a wurin masu faɗarsa, sa'an nan su kai wa malaman likitanci a zauna tare a daidaita kalmomi. Kalmomin da aka yi amfani da su a nan, irin su jakar haihuwa da ƙashin gindin harshe, shawara ce aka gabatar, ana kuma fatan masana za su auna su, su gyara abin da ya kamata a gyara. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, amin.